Mun Kori Kwalba Zuwa Birni, Ƙwaya Ta Tare a Ƙofar Lakwal

Akwai wata magana da ake yawan yi a taron iyayen ƴan makaranta a nan Matamaye, kuma duk ranar da aka yi ta sai ka ga kawuna na gyaɗawa. Wai mu Allah Ya rufa mana asiri, yaranmu ba su tashi a Yamai ko Sabon Garin Kano ba, inda ake jera kwalaben giya a bakin titi. Wai a nan, ko da akwai mai sayarwa, a lungu yake a ɓoye, kuma duk wanda yake son ya sha ya miƙe ƙafa sai ya nemi kuɗin mota ya tafi Damagaram, ko ya gangara bakin iyaka. Da an faɗi haka sai hankalin kowa ya kwanta, a koma maganar kuɗin alli da gyaran rumfar aji.

Wannan magana tana cutar da mu. Ta sa muna auna lafiyar yaranmu da kilomitan da ke tsakaninmu da mashaya, alhali abin da ke bugar da su yanzu ba ya buƙatar mashaya, ba ya buƙatar mota, kuma ba ya wari.

Tafiya birni a mota don shan giya ba mu muka fara ta ba, kuma akwai inda aka mayar da ita abin alfahari. A 1971, wasu ƴan Ingila su huɗu sun kafa wata ƙungiya mai suna CAMRA don kare giyarsu ta gargajiya, wadda ake bari ta ci gaba da nuna a cikin ganga har ranar da za a zuba wa mai sha, daga baya suka haɗa da wadda ake yi da ruwan tuffa. Kowace shekara ƙungiyar na buga littafi mai ɗauke da sunayen mashayu wajen 4,500, rassanta kuma na tsara wa mutane yadda za su zagaya tsofaffin mashayun birni a motar haya: ka hau bas mai lamba kaza, ka sauka a wuri kaza, motar ƙarshe na tashi ƙarfe kaza. Dalilin bas ɗin ba ɓoyayye ba ne. Tun 1967 doka ta ƙayyade yawan barasar da za a samu a jinin direba, miligiram 80 a cikin mililita 100, aka ba ƴan sanda na'urar da ake hurawa, wanda aka kama ya wuce iyaka kuma sai a karɓe masa lasin tuƙi na aƙalla shekara guda. Wanda bai kai shekara 18 ba, ba a sayar masa.

Kada wani ya yi zaton sha'awar su nake yi. Duk da littafin da bas ɗin da na'urar, alƙaluman gwamnatinsu sun nuna a 2022 kaɗai fiye da mutum dubu goma giya ta kashe kai tsaye a Birtaniya, ban da waɗanda ta kashe ta bayan fage. Tsari bai mayar da guba abinci ba. Abu ɗaya kawai na ɗauko daga can: su sun san ƙofar da mashayinsu ke shiga, sun san shekarunsa, sun san adadin gawarwakin. Mu kuwa mun shekara fiye da ɗari muna tura ƙofar nesa da idonmu, muna kiran hakan tarbiyya.

A da can, kafin Nasara, abin a fili yake. A ƙauyukan Arna da Maguzawa mata ke dafa burkutu da dawa, a sha ranar gayya ko ranar biki ko ranar kasuwa, a gaban kowa, Musulmin da ke maƙwabtaka da su kuma ya san inda zai tsaya. Malamai sun yi wa'azi a kai, jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yaƙe shi, ya ja baya a wurare da dama. Da Turawa suka zo sai suka shigo da wata dabara. Yarjejeniyar da suka ƙulla a birnin Burusal a 1890 ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan da ba ta riga ta yaɗu ba, Ingilishi kuma suka sa Arewacin Najeriya cikin wannan sahu. Amma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ɗauke da akawuna da leburori daga kudu, su ma Turawan kansu masu sha ne. Sai aka yanka Sabon Gari a wajen ganuwa, wajen 1913, aka ce can giya halal ce a doka, cikin birni haram. Daga ranar ɗan birnin da ke son sha ya koyi abu guda: ya jira dare, ya fita ta ƙofar gari, ya dawo kafin asuba. A Damagaram ma, wadda ta riƙe hedikwatar mulkin Faransa daga 1911 zuwa 1926, mashaya ba ta zauna a Birni kusa da fadar Sarki ba, ta bi bariki da unguwannin baƙi.

Abin da ya faru a zamaninmu maimaici ne. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999, Kano da Katsina da sauran jihohi suka biyo baya a 2000, mashayu da gidajen mata masu zaman kansu ba su tuba ba, ƙaura suka yi. Firji, a kan hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ta cika ta batse har masu bincike na jami'o'in waje suka riƙa zuwa rubuta labarinta. Mu ma nan kudancin Kance mun ga namu rabon a ƙauyukan bakin iyaka, ba sai na ambaci suna ba, kowa ya san inda motocin Daura da Kano ke tsayawa da yamma ranar ƙarshen mako. Mutumin da ya yi kabbara a filin taro ranar da aka rufe mashayar garinsu, shi ne wani lokaci za ka gani a kujerar gaba ya ja hula ya rufe ido. Ba zan manta da ƴan matan da wannan kasuwa ta haɗiye ba, wasunsu daga ajin CM2 aka cire su.

Sai muka gwada wuta. A Nuwamban 2000, lokacin rikicin bikin nuna tufafi na FIMA, an far wa mashayu da gidajen mata da majami'u a Maraɗi. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan an sauko daga masallaci, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe a Damagaram, aka ƙone majami'u, aka ƙone cibiyar al'adun Faransa da ɗakin karatunta, aka ƙone mashayu. Washegari wutar ta kama Yamai. Mutum goma suka mutu a biranen biyu, ƴan sanda kuma suka ƙirga majami'u 45 da mashayu 36 da aka ƙone a Yamai kaɗai. Fushin ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, babu Musulmin da bai ji shi ba. Amma ina da tambaya ga duk wanda har yau yake ba da labarin ranar da murmushi: da yawa daga samarin da suka ɗauki fetur da ashana, me ke cikin cikinsu a ranar? Duk wanda ya san Damagaram ta waɗannan shekaru, ya san ƴan fale na Kara-Kara da sauran unguwanni, waɗanda Aisha Macky ta nuna rayuwarsu a fim ɗinta na 2021, ya san ƙwaya ba baƙuwa ba ce a wannan sahu. Ka tura yaro mai taramol a ciki ya ƙone gidan mai kwalba, sannan ka koma gida ka ce an yi maganin maye.

A Kano an fi mu tsari, ba a ƙonawa, murƙushewa ake yi. A Nuwamban 2013 Hisba ta sa an bi ta kan kwalabe 240,000 a bainar jama'a. A Fabrairun 2022 adadin da aka fasa ya kusa miliyan huɗu. Hotunan suna zuwa mana ta WhatsApp, muna turawa juna da kabbara. Ba ni da ja da hukumar da ke aiki da dokar jiharta. Sai dai lissafi na malamin firamare ya ce idan abin da kake fasawa ya tashi daga dubu ɗari biyu da arba'in zuwa kusan miliyan huɗu cikin shekara tara, to masu saye ba su ragu ba. Kuma a daidai wannan tsakani ne, a 2017, majalisar dattawan Najeriya ta ji cewa ana shan kwalaben maganin tari mai kodin har miliyan uku a kullum a Kano da Jigawa. A 2018 BBC ta fitar da binciken da ya tona yadda ake fitar da shi daga kamfanoni ta bayan gida, gwamnati ta hana yin sa da shigo da shi. Binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce ƴan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi amfani da kayan maye, ban da giya da taba, cikin shekarar da ta gabata, miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe zafin ciwo irin su taramol suke sha ba da izinin likita ba. Daga nan zuwa Kwangwalam tafiyar ɗan lokaci ce a kan babur. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Yanzu mu dawo kan motar nan da iyaye ke jin tsoro. Wa ke shigar ta? Daga Matamaye zuwa Damagaram, ta Takeita, ba a kai kilomita ɗari ba, amma zuwa da dawowa a hayis, da kuɗin kwalba, da na wurin kwana, ba aljihun ɗan kwaleji ba ne. Masu wannan tafiya magidanta ne: ɗan kasuwa da ya ce zai je sari, ma'aikacin da ya ce yana da takarda a ofishin jiha, da wasu daga cikinmu malamai, waɗanda zuwa ɗaukar albashi ƙarshen wata ke cinye musu kwana uku, aji na zaune ba kowa. Na faɗa, kuma abokan aikina sun san ba ƙage na yi ba. Waɗannan manya ne, hisabinsu na tsakaninsu da Ubangijinsu da iyalansu, sai fa hakkin yaran da aka bari ba darasi, wannan kam namu ne mu tambaya. Amma yaron da ke aji na huɗu a kwaleji bai taɓa shiga wannan mota ba. Ba ya buƙata. Abin da yake nema yana kan tiren mai tallar magani a tasha, yana cikin akwatin mai yawo da keke ranar kasuwa, yana ƙarƙashin teburin wani mai shayi, kuma ƙwaya ɗaya ba ta kai rabin kuɗin motar zuwa ba.

Ya kamata iyaye su san mene ne wannan abu, don da yawa suna ɗaukar sa ɗan uwan farasitamol. Taramol maganin kashe zafin ciwo ne mai ƙarfi, dangin ofiyom, wanda likita ke rubuta wa wanda aka yi wa tiyata ko ya karye. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma babba mai lafiyar ƙoda da hanta ba a yarda ya wuce 400 a yini ba. Wanda ke yawo a kasuwanninmu, mafi yawansa daga Indiya ta tashoshin jiragen ruwan gaɓar teku, an buga masa 200 ko 225, wani har 250. Yaron da ya haɗiye biyu masu 225 da safe kafin ya shigo aji ya riga ya wuce abin da aka yarje wa ƙato a yini guda, shi da bai kai kilo arba'in da biyar ba, kuma sau da yawa cikinsa ba komai sai koko. A Satumban 2017 an kama ƙwayoyi sama da miliyan uku a ƙasar nan cikin mota guda, an zuba su a kwalaye masu tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya. Da aka matsa wa taramol, sai masu yi suka sauya hannu: a Fabrairun 2025 BBC ta sake bankaɗo wani kamfani a Mumbai da ke haɗa tafentadol da karisofrodol, haɗin da babu ƙasar da ta amince da shi a matsayin magani, yana turo shi Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol. Indiya ta hana haɗin bayan fallasar. Wanda ya riga ya shigo kuwa yana nan yana zagayawa. An rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, shinkafa ta yi tsada, magungunan asibiti suka yi wuya, amma ban ji ranar da mai tire ya ce kayansa sun yanke ba. Ban ma shiga zancen sholisho da wiwi da zaƙami da ƴar barasar leda ba, wadda hukumar NAFDAC ta ce ta hana a Fabrairun 2024 amma har yau ana tsintar ledarta a bayan katanga.

Mai giya ana jin sa tun daga zaure. Warinsa ke kai ƙararsa, tafiyarsa ke ba da shaida. Mai ƙwaya kuwa zai yi alwala, ya bi sahu, ya gaishe ka da ladabi, ya ci tuwo tare da kai. Shi ya sa uba ke rantsuwa ɗansa bai taɓa shan komai ba, kuma a iya saninsa gaskiya ya faɗa. Mu da ke tsaye gaban allo muna ganin abin da ba ya gani. Yaron da da can yake zaune lafiya, sai ka ga ya kasa zama, yana ta soshe-soshen wuya da hannu, leɓensa a bushe, yana gumi cikin sanyin Janairu, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura. Awa biyu yana surutu kamar an kunna rediyo, awa ta uku kansa na kan tebur. Ranar da bai samu ba kuwa, ko kallon sa ɗan uwansa ya yi sai faɗa, jiki na ciwo, hanci na zuba, dare ba barci. Rubutunsa ma yana sauyawa, duk malamin da ke gyaran kaye da kansa ya san haka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne faɗuwa. Taramol idan ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa yin ta ba. Yaro zai zube a filin lakwal, jiki na karkarwa, kumfa a baki, kafin ka ce kwabo an yanke hukunci: iskoki ne, ko an yi masa jifa don ya fi ƴaƴan kishiya ƙoƙari. A ɗauke shi a kai gida, a yi hayaƙi, a yi rubutu, a yanka abin da za a yanka. Ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi. Amma a cikin duk masu kewaye da shi ba wanda zai sa hannu a aljihun wandonsa. Bayan sati biyu ya sake faɗuwa, wannan karon wataƙila a kan babur, ko a bakin rijiyar lambu. Wanda ya ga irin wannan, ya kwantar da yaron ta gefe, ya janye abin da zai buge shi, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki, in jijjigar ta lafa a kai shi asibiti, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiyar abin da ake zato. Idan numfashinsa ya yi ƙasa sosai, ko an kasa tashe shi, ba a jiran mahaifinsa ya dawo daga kasuwa.

Kuma, iyaye, ku yi haƙuri da ni, ba duka ne ba ku sani ba. Akwai uban da ya san ɗansa ba ya iya noma daga hantsi har la'asar ba hutu da ƙarfin tuwo kaɗai, amma tunda kunya ta fita sai ya yi shiru, har ya yi ta yabon sa a majalisa. Akwai mai gonar da ke sayo wa ƴan ƙwadago ƙwaya kamar yadda ake kai musu fura, yana ce mata maganin gajiya. Akwai mai amalanke da mai tura kura da ɗan kabu-kabu da suka ce in ba ita aikin ba ya yiwuwa, kuma yaranmu a hannunsu suke yini duk hutun damina. A nan ne yawancinsu ke fara ta, a gona da wurin aikin ƙarfi, sannan su shigo mana da ita aji a watan Oktoba. Ga kuma gidajen da babu babba a ciki. Yankin Kance ya yi suna wajen tafiya ci-rani, maza su yi Najeriya da Libiya, mata su ɗauki ƙanana su yi Aljeriya; ba mu manta mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada a Oktoban 2013 ba, yawancinsu mata da yara daga wannan yanki. Wanda aka bari a gida shi ne ɗan shekara goma sha huɗun nan, a hannun kaka da ba ta gani sosai. Fada ce uwarsa, fada ce ubansa, abin da aka jefa a butar shayi shi zai sha.

Na san abin da za a ce. Za a ce mushe ya zo yana wanke giya. Allah Ya kiyaye. Giya haram ce da nassin Alƙur'ani, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ba ta bar wa kowa ƙofa ba, kuma da a ce yau za a wayi gari babu kwalba ɗaya daga nan har Agadas da na fi kowa murna. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa illar haramcin ita ce gusar da hankali, kuma duk abin da ke bugarwa hukuncinsa ɗaya, ko a kwalba yake ko a takardar magani. To me ya sa wanda aka gani ya fito daga mashaya a Damagaram ba za a ba shi ƴa ba, amma mai tiren da ke sayar wa ƴan shekara goma sha uku ƙwaya ana kiran sa dokta, ana ba shi sahun gaba, in ya kawo gudummawar ginin masallaci a karɓa a sa masa albarka? An bar jaki ana dukan taiki. Dalilin kuwa ba shi da daɗin faɗa. Mai mashaya galibi baƙo ne, sau da yawa ba addininmu ɗaya ba, ƙone masa rumfa ba ya ɓata zumuncin kowa. Mai tire ɗan gari ne, ɗan wane ne, ƙanen matar wane ne. Jarumtakarmu a kan baƙo take ƙarewa.

Akwai kuma ƴan boko irina da ke cewa a bar komai a fili kamar Turai, a ba mashaya lasi a tsakiyar gari, wai ɓoyewa ce ke kawo ta'adi. Su ma ban bi su ba. Na riga na kawo adadin gawarwakin Birtaniya, ƙasar da ke da likitoci da motocin ɗaukar marasa lafiya a kowace unguwa. Mu da cibiyar lafiya ɗaya ke ɗauke da ƙauyuka goma, a ƙara mana wannan a kan wanda muke ciki? Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Abin da nake so mu ara daga wurinsu ƙirga ne da faɗin gaskiya, ban da kwalbar.

Wasu kuma za su ce aikin hukuma ne. Hukuma na da nata: akwai dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi tun 1999, akwai ofishin OCRTIS da ke kame, kowace ranar 26 ga Yuni ana tara abin da aka kama a cinna masa wuta a gaban manyan baƙi. Ina so su ƙara, musamman a kan manyan dilolin da ke shigo da kwalaye, don kama yaro da ƙwaya uku a kai shi gidan kaso makaranta ce kawai aka canza masa, ya fito ya fi da ƙwarewa. Amma jandarma ba ya kwana a gidanka, ba ya tsayawa a ajina. Shi mai tiren nan, nisan da ke tsakaninsa da ƙofar lakwal bai kai jifan dutse ba, kuma kowace safiya direkta da malamai da shugaban iyaye suna wuce shi, wani ma ya tsaya ya sayi maganin mura.

Ga abin da nake nema, kuma babu wanda ke buƙatar kuɗin wata ƙungiyar waje. Kwamitin kula da makaranta, da ƙungiyar iyaye, da ta uwaye mata, su zauna da mai unguwa da limami su yanke cewa ba a tallar magani kowane iri a kewayen makaranta, su je su faɗa wa mai yi baki da baki, da rana, ba da sanda ba. In ya ƙi, a kai maganar gaba da sunan kwamiti gaba ɗaya, don kada a bar mutum ɗaya da gabar dangi. A gayyato ma'aikacin lafiya sau ɗaya a kowane zango ya zo da fankon takardun ƙwayoyin nan a hannunsa, ya nuna wa iyaye, mata musamman, da Hausa, don uwar da ke wanke wando ita ce ta fi kowa damar ganin su, kuma yanzu in ta gani ɗauka take maganin ciwon kai ne. Limamai su ambaci taramol da sunansa a huɗuba kafin a fara aikin gona, su ambaci mai saye wa ƴan ƙwadago, kada a tsaya kan kalmar shaye-shaye da kowa ke jin da wani ake.

Mu malamai kuma mu daina korar yaron da aka kama. Na ga an yi, an tara ɗalibai an yi masa bulala a gaban tuta, an ce kada ya sake dawowa, kowa ya watse yana jin an tsare mutuncin makaranta. Ina ya tafi? Tasha. Wurin wa? Wurin mai tire, wanda yanzu ya samu yaron aike da ya san duk ƴan ajinsu da sunayensu. Wanda jikinsa ya saba da wannan ƙwaya ba ya iya yanke ta dare ɗaya don an zane shi, ciwon rashin ta ne zai mayar da shi, sai an bi shi a hankali tare da likita ana ragewa. A kira uban a keɓe, ba a gaban majalisa ba. A rubuta, ba tare da suna ba, yara nawa ne suka faɗi a wannan shekara, nawa aka samu da ƙwaya, a wane aji, a wane wata, kowace makaranta ta kawo nata a taron malamai na yanki. Sufeto na tambayar mu adadin kujeru da adadin littattafai da yawan waɗanda suka ci jarrabawa. Wannan adadin ba wanda ya taɓa tambaya, kuma babu dokar da ta hana mu kai masa shi ba tare da ya nema ba.

Game da abokan aikinmu masu doguwar tafiyar ƙarshen wata, direkta ya rubuta rashin zuwansu kamar yadda yake rubuta na kowa, ranar da suka dawo kuma a samu babba a cikinmu ya zauna da su. Yaran sun san inda suke zuwa. Ɗan kabu-kabun da ya kai su tasha yayan wani ne a ajin.